Shawara: “Wai in na ƙware a kan cututtukan bakteriya na daina zama likita”

Ga saƙon da ya zo min, na taƙaita shi:

“Anti Dakta barka da aiki. Ni likita ce, shekarata uku da fara aiki. Wata bakwai da suka wuce wata mai jego ta rasu a hannuna, zazzaɓi ne ya rufe ta bayan tiyatar haihuwa, muka ɗora ta kan maganin kashe bakteriya na seftiriyazon kwana huɗu, sai bayan ta cika sakamakon jininta ya fito, bakteriyar Klebsiella ce wadda maganin baya yi mata komai. Tun daga ranar raina ya tafi kan fannin gano cututtukan bakteriya da maganinsu. Yanzu hanya biyu ce a gabana, mastas na shekara ɗaya, ko horon ƙwarewa a asibitin koyarwa mai cin shekaru. Abokan aikina suna cewa zan ƙare a lab ina kallon fitsari da majina, maigidana kuma yace duk wahalar karatun nan ashe ɗakin gwaji zan koma na daina ganin marasa lafiya. Dan Allah wanne zan ɗauka, kuma anya ba kuskure nake shirin yi ba?”

Ƙanwata, Allah ya jiƙan wannan baiwar Allah, ya raya abin da ta bari, ke kuma ya sanyaya miki zuciya. Na karanta saƙonki sau biyu kafin in iya fara rubutu, saboda kusan duk wanda kika gani a fannin nan in kika zauna da shi da kyau akwai wani gado guda da yake tunawa, ni ma ina da nawa, yaro ne ɗan shekara tara kuma har yau ina ganin fuskar babarsa.

Bari in fara ta nan domin na ji nauyin a cikin rubutunki. Abin da kika yi shi ne abin da aka koya miki, seftiriyazon ba maganin banza ba ne, sai dai Klebsiella da E. coli da yawa yanzu suna ɗauke da wani sinadari da muke kira ESBL wanda yake farfasa maganin kafin ya taɓa su, kuma ba yadda za ayi ki gane haka da ido ko da abin sauraron ƙirji. Amma ina so ki kalli kwana huɗun nan da kyau, saboda a cikinsu aikin da kike tambaya a kai yake. Kwalbar jini idan aka sa ta a inji, galibin ƙwayoyin da ke kashe mutane suna nuna kansu cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A daidai wannan lokacin ana iya ɗiga jinin a gilashi a yi rinin Gram, abin da baya wuce minti goma sha biyar, a ga bakteriya a madubi kamar 'yan sanduna masu ruwan hoda, a ɗaga waya a kira likitan da ke kula da ita ace Dakta, mai jegon nan da ke kan seftiriyazon kuma bata samun sauƙi, akwai sanduna a jininta, a wannan asibitin irinsu da yawa basa jin maganin nan, ki sauya yanzu, kuma ku duba ko akwai mugunya a ciki da ya kamata a fitar. Wannan kiran wayar shi ne aikinmu. Ban ce lallai da ta rayu ba, rai na Allah ne, kuma cuta idan ta shiga jini tana iya fin ƙarfin kowa. Abin da nake nuna miki shi ne a tsakanin farantin da ake shuka ƙwayar cuta a lab da gadon mara lafiya akwai kujerar mutum guda, kuma a asibitoci da yawa babu kowa a kanta.

Toh maganar fitsari da majina. Eh, gaskiya ne, zaki kalle su, har da kashi da mugunya da ruwan laka na ƙashin baya, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Da safe in na shiga, farantan jiya ake fara fito da su daga inkubeta, kuma bayan wasu watanni hancinki ma yana koyo ko da baki yi niyya ba, Pseudomonas da korenta da wani ƙamshi-ƙamshi nata, Proteus da ke malala ta rufe farantin jini gaba ɗaya kamar an jefa dutse a ruwa, Klebsiella mai yauƙi da ke biyo ƙarfen ɗauka. Rinin nan da na ambata wani likita ɗan Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi a 1884, yau sama da shekara 140 kenan, kuma har gobe babu wani gwaji mai arha da sauri da ke sauya maganin mara lafiya kamar shi. Masu kaurin bango suna riƙe shunayya, masu siririn bango suna sake ta su ɗauki ruwan hoda, daga nan kaɗai kin raba duniyar magunguna gida biyu. Amma rabin ranata kawai ke nan. Sauran rabin ina ɗakin kulawa ta musamman, ina ɗakin jarirai, ina wajen masu ƙuna, ina buɗe fayil ina tambaya yaushe aka sa kanular nan, me yasa robar fitsari take jikinsa har yau, wannan maganin kwana nawa kenan kuma wa yace a ci gaba. Marasa lafiyar da nake gani su ne waɗanda suka gagari kowa. Ki faɗa wa abokan aikinki haka, ko ma ki ƙyale su, ranar da zazzaɓin mara lafiyarsu ya ƙi sauka bayan magani na uku lambarki zasu nema.

Abin da horon yake koyarwa, wanda kuma shi yasa nake ganin ya cancanci shekarun da yake ci, shi ne yadda ake karanta sakamako. Yawancinmu mun fito makaranta muna duba takardar lab mu nemi inda aka sa S, wato ƙwayar tana jin maganin, mu rubuta shi, shikenan. Wallahi nan ake yin ɓarna mai yawa. Salmonella ta taifot tana iya nuna tana jin jentamaisin a faranti amma a jikin mutum baya aiki, don tana ɓuya cikin ƙwayoyin jiki inda maganin baya shiga sosai. Naitirofurantoyin yana da kyau ga ciwon mafitsara, amma in cutar ta hau ƙoda ko ta shiga jini ba ruwansa, ko da takarda tace S. Klebsiella daga halittarta bata jin amfisilin, Enterococcus kuma duk dangin su seftiriyazon basa taɓa shi, saboda haka in kika ga lab ya rubuto miki akasin haka to lab ɗin ne da matsala, kuma ke ce zaki gano. Sannan akwai tambayar da tafi kowacce wuya, wannan ƙwayar da ta tsiro ita ce ke cutar da shi ko daga fatar hannu ta faɗa kwalba? Staphylococcus na fata da ya fito a kwalba ɗaya cikin huɗu bayan kwana uku, a mutumin da ba shi da wata roba ko ƙarfe a jiki, galibi datti ne, kuma na ga an yi wa mutane allura ta sati biyu a kansa. Amma Staphylococcus aureus a jini ko a kwalba ɗaya ne ba a wasa da shi, a cire kanula, a sake ɗibar jini har sai ya fito babu komai, a yi hoton zuciya, a ba da maganin jijiya aƙalla kwana 14. Su biyun kusan iri ɗaya suke a madubi, curi-curi kamar nonon inabi, hukuncinsu kuma ya sha bamban. Haka tsohuwar da aka samu bakteriya a fitsarinta alhali ba abin da ke damunta, bata buƙatar magani, sai dai mai ciki ko wanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari. Ga gwajin Widal na taifot, tun 1896 yake, martanin jiki yake aunawa ba ƙwayar kanta ba, yana iya tashi don tsohuwar cuta ko rigakafi ko wani zazzaɓi daban, amma dubi yawan mutanen da ake lafta wa sunan taifot da shi. Kinga da yawa daga aikin ƙwararre cewa ne a daina magani, kuma wannan yafi rubuta sabo wuya nesa ba kusa ba, don sai kin san abinki sosai kafin ki iya tsayawa gaban babban likita kice a tsaya.

Yanzu ga ainihin tambayarki. Mastas da horon ƙwarewa ba abu ɗaya ba ne, kuma mutane da yawa sai sun gama suke ganewa. Mastas karatun jami'a ne, shekara ɗaya ko biyu, lacca da firatikal da furojet a ƙarshe, a ajin zaki tarar da likitoci da masana kimiyyar lab da masu harhaɗa magunguna har da likitocin dabbobi. Zai buɗe miki kai a kan yadda bakteriya ke haddasa cuta, yadda take musayar ƙwayoyin gado na bijire wa magani da 'yar'uwarta, yadda ake tsara bincike da lissafinsa, kuma shi ne ƙofar digirin digirgir in can kika nufa. Abin da mastas baya yi, a mafi yawan ƙasashe, shi ne ya mai da ke ƙwararriyar da hukumar likitoci ta yarda ta ɗauki nauyin mara lafiya a wannan fannin. Wannan sai horon ƙwarewa, wanda ake yi ana aiki, shekara huɗu zuwa shida ya danganta da ƙasa, da kwanan asibiti da littafin da ake sa miki hannu kan abin da kika yi da jarabawar kwalejin ƙwararru. A Birtaniya misali jarabawar FRCPath ce mai kashi biyu, a Amurka mai son zama likitan cututtuka masu yaɗuwa sai ya yi shekara uku a fannin cututtukan manya sannan ya ƙara aƙalla biyu. Akwai kuma gajerun kwasa-kwasai masu suna, kamar difilomar cututtukan ƙasashe masu zafi ta wajen wata uku da ake yi a makarantar Landan da ta Liverpool, da kwasa-kwasan Cibiyar Pasteur a Faris, suna da amfani ƙwarai amma ƙari ne a kan tushe.

Daga abin da kika rubuta, ke gadon mara lafiya ne ya kawo ki, ba sha'awar bincike kaɗai ba. Don haka ra'ayina, kuma ba zan ɓoye ba, ki ɗauki horon ƙwarewa. Mastas yana nan, ana iya yinsa a tsakiyar horo ko bayansa, lokacin ma zaki fi cin moriyarsa don kin riga kin san tambayar da kike son amsawa, kuma sikolashif yafi sauƙin samu ga wanda ke da aiki a hannu da zai nuna. Kar ki ce zaki haɗa su lokaci guda, taura biyu bata taunuwa, na ga masu ƙoƙari sosai sun gwada sun fito da rabi-rabi. Inda kawai zan ce ki fara da mastas shi ne in wurin horon da kika samu fanko ne, kuma wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin yafi komai muhimmanci a duk amsar nan.

Kafin ki sa hannu a kowace takarda, ki je wurin da ƙafarki ki gani, gani ya kori ji. Kar ki tsaya a ofishin shugaban sashe, ki nemi a shiga da ke lab. Ki tambaya kwalbar jini nawa suke karɓa a wata, kuma in ta nuna alama da ƙarfe biyun dare wa ke yin Gram, wa ke kiran waya. In suka ce sai da safe, kin ji amsa. Ki tambaya suna da ƙwayoyin gwajin inganci kuwa, irin su E. coli ATCC 25922 da S. aureus ATCC 25923, waɗanda an san iya faɗin da'irar da ya kamata su bayar, wato filin da ƙwaya ta kasa tsirowa a kewayen faifan magani, ki ce a nuna miki littafin da ake rubuta sakamakonsu. Domin gwajin faifan magani da kowa ke yi, wanda Kirby da Bauer da abokan aikinsu suka daidaita a 1966, yana da sharuɗa, kaurin aga, wato abincin ƙwayar da ke cikin faranti, milimita 4, kaurin ruwan ƙwayar daidai 0.5 a ma'aunin McFarland, zafi digiri 35, a auna da rula bayan awa 16 zuwa 20. In aga ta yi kauri da'ira zata ƙanƙance a ce ƙwaya bata jin magani alhali tana ji, in faifan ya sha zafi ya mutu haka nan, in ruwan yayi tsararo kuma da'irar ta buɗe a ce tana ji alhali ƙarya ne. Lab ɗin da baya duba waɗannan shifcin gizo yake yi, takarda tana fita da tambari amma abin da ke ciki ba gaskiya ba ne, kuma in a can kika koya to kuskuren zaki ɗauka ki koyar da wasu. Ki tambaya wane ma'auni suke bi, na CLSI na Amurka ko na EUCAST na Turai, kuma na wace shekara, don duk shekara ake sabunta su, na EUCAST ma kyauta ne a intanet, babu uzurin amfani da na shekara goma baya. Ki tambaya suna da jadawalin asibitinsu na shekara da ke nuna kashi nawa na kowace ƙwaya ke jin kowane magani, wanda ƙa'idarsa sai an tara aƙalla 30 na kowace iri. Da asibitinku na da irin wannan jadawalin a manne a bango, da tun ranar farko kin san nawa ne cikin Klebsiella ɗinku ke jin seftiriyazon.

Sannan ki tambaya sau nawa a sati masu horo ke fita zagayen marasa lafiya tare da malaminsu. In amsar ita ce muna lab in an buƙace mu za a kira, to tsoron maigidanki zai tabbata a wannan wurin. Kuma ki keɓe da ɗaya daga cikin waɗanda ke shekara ta uku ko ta huɗu, ba a gaban ogansu ba, ki tambaye shi nawa suka ci jarabawa a 'yan shekarun nan, nawa suka gudu, malamin yana karanta abin da aka rubuta kuwa ko sai an yi wata shida ana binsa. Malami nagari yafi inji, wannan na tabbata. Injinan zamani abin so ne, MALDI-TOF yana faɗa miki sunan ƙwaya cikin mintuna daga ɗigon tsiro ɗaya, GeneXpert da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010 yana gano tarin fuka da bijirewarsa ga rifamfisin cikin awa biyu alhali shukarsa a faranti tana cin sati shida zuwa takwas, kuma ya kamata ki samu ko wata uku ne a wurin da ke da su. Amma ranar da kayan aikin inji suka ƙare ko wuta ta ɗauke, wadda ta iya gwajin Gram da na katales da oksides, masu tantance irin ƙwaya, da hannunta ita ce zata ci gaba da aiki. Ki dage a barki ki zauna a benci watanni, ki shuka da kanki ki karanta da kanki, kuma ki girmama masana kimiyyar lab da zaki tarar, yawancin abin da na iya da hannu wata dattijuwa ce a cikinsu ta koya min, ita ce ta riƙe hannuna ta nuna min daƙiƙa nawa ake barin ruwan wanke rini kafin komai ya koma ruwan hoda. Likitan da ya shiga lab da girman kai baya koyon komai.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, akwai wahala. Ta fuskar samu, abokanki da suka tafi tiyata ko fannin mata zasu fi ki samun aikin gefe, wannan haka yake kusan ko'ina, ki zauna ki yi lissafinki tun yanzu kar ya zo miki da mamaki. Marasa lafiya da yawa da kika taimaka ba zasu taɓa sanin sunanki ba. Zaki ba da shawara a ƙi ɗauka, ki dawo washegari ki tarar an ƙara magani na huɗu, kuma dole ki koyi yin magana da manya ba tare da kin ƙasƙantar da su ba kuma ba tare da kin janye gaskiya ba, wannan ya ɗauke ni shekaru. Jarabawowin suna da tsauri kuma ba bakteriya kaɗai ba ce, akwai bairos da fangas da tsutsotsi da hana yaɗuwar cuta a asibiti. Akwai haɗari kuma, tarin fuka da Brucella da ƙwayar sanƙarau duk sun kama ma'aikatan lab a wurare daban-daban, don haka ki duba ko akwatin kariya da ake aiki a ciki yana aiki da gaske, ki cika rigakafinki, in kuma kika samu juna biyu ki sanar da shugabanki da wuri a sauya miki benci, ba abin kunya ba ne.

Duk da haka ban taɓa nadama ba, kuma duniya na buƙatar irinki fiye da lokacin da na shiga. Binciken da mujallar Lancet ta buga a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, fiye da waɗanda ƙanjamau ko maleriya ta kashe a shekarar, kuma Klebsiella ɗin da ta ɗauke mara lafiyarki tana cikin shida na gaba. Abin ba sabo ba ne, Fleming da ya gano fenisilin a 1928 ya yi gargaɗi tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin jure shi, an fito da metisilin ba a yi shekara biyu cikakku ba aka ga MRSA, wato Staphylococcus aureus da bata jin sa, a Ingila a 1961, sai sinadarin NDM-1 da aka gano a 2008 a jikin wani mara lafiya a Siwidin da ya taɓa kwanciya a asibiti a Indiya, wanda ke karya har magani mai ƙarfi irin merofenem, sai ƙwayar gadon mcr-1 da aka ba da rahotonta daga Sin a 2015 mai taɓa kolistin, maganin da ake ajiyewa don ranar da komai ya ƙare, sai taifot ɗin da ta ɓulla a Pakistan a 2016 wadda ta bijire wa kusan duk magungunan da aka saba har da seftiriyazon. Shi yasa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan nan gida uku, na yau da kullum, na sa ido, da na ajiya, kuma seftiriyazon da muke rabawa kamar ruwa yana cikin na sa ido ne. Takardar tsari kuwa bata aiki da kanta, sai da mutum a asibiti da zai tsaya a kanta kullum.

Abu ɗaya nake so ki bincika a zuciyarki, kuma ke kaɗai zaki iya. Alhini yana iya kawo mutum bakin ƙofa amma ba zai riƙe shi shekara biyar ba. In kin shiga don ki biya wani bashi da kike ganin mamaciyar na binki, zaki gaji, domin za a sake rasa wasu a hannunki ko kin zama farfesa. Ki tambayi kanki ko abin da kansa yana burge ki, ko kina jin son sanin me yasa wannan ƙwayar ta tsiro a nan bata tsiro a can ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ki nemi izini ki yi sati biyu na hutunki a lab ɗin da kike son shiga, daga safe har tashi, ki bi samfur ɗaya daga hannun nas har zuwa takarda. In a kwana na goma kina ɗokin zuwa ki ga abin da ya tsiro a farantin jiya, to naki ne.

Shi kuma maigida, kar ki ɗauki maganarsa a matsayin raini, shi ya ga wahalar da kika sha kuma hoton likita da ke kansa shi ne mai farar riga a gefen gado, yana tsoron kar ki yi asarar abin da kika gina. Ki zaunar da shi lokacin da hankalinsa ke kwance ki ba shi labarin mai jegon nan kamar yadda kika ba ni, ki nuna masa inda kiran waya ɗaya yake shiga, ki faɗa masa shekarun da za a ɗauka da yadda kwanan asibiti zai kasance da abin da zai shigo da abin da ba zai shigo ba, kar ki rage komai don ki samu amincewarsa, saboda shi zai zauna da ke cikin shekarun. In da hali ki haɗa shi da wani ƙwararre a fannin su gaisa ya ji daga bakinsa. Ku yi shawara, ku roƙi zaɓin Allah tare.

Kafin nan kuma, akwai abin da zaki fara tun aikinki na gaba ba sai kin jira kowane satifiket ba. Duk wanda kika zarga cuta ta shiga jininsa, ki ɗebi jinin shuka kafin allurar farko, ba tare da kin jinkirta maganin ba, ki goge fata da kyau ki bari ta bushe, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babba, daga wuri biyu daban, domin ƙwayoyin da ke yawo a jinin babba 'yan kaɗan ne, wani lokacin ko ɗaya bata kai ba a mililita guda, ƙaramin jini ba zai kama su ba. Ruwan laka kar ya shiga firji, a kai shi da hannu nan take, fitsari kuwa in zai wuce awa biyu a sa shi a firji. Ki rubuta a fom abin da ke damun mara lafiya da maganin da yake kai da lambar wayarki. Washegari kar ki jira takarda, ki taka ki je lab ki tambaya ko wani abu ya fito, in ya fito ki roƙa a nuna miki a madubi. Ki rubuto min bayan sati biyun nan ki faɗa min abin da kika gani da amsoshin da suka baki a kan littafin gwajin inganci, sai mu duba tare ko wurin ya cancanci shekarunki. Allah ya yi miki jagora ƙanwata.